Kifin da Na Zana a Kan Tabarma

Na ga saƙonninku. Wata ta ce in sa hoton lallen sa ranata, wata ta ce daɗi ne ya ɗauke mini baki shi ya sa na yi shiru. Ba daɗi ba ne. Lallen ma bai kama ba, ni na ɓata shi da kaina, kuma yau zan faɗa muku dalili ba tare da na wanke kaina ba.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Madina, shekarata ashirin da huɗu, a Gaya nake, unguwar da ke bayan tashar mota. Mahaifina shi ne Sallau mai birki. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wutar mota, birki kaɗai yake gyarawa tun kafin a haife ni, a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gidanmu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tawa mahaifiyar ta rasu ina ƙarama, ƙanwarsa Gwaggo Indo ce ta riƙe ni.

Tun ina shekara tara nake taka wa Baba birki. Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, ɗaya a cikin mota ƙafarsa a kan feda, ɗaya a durƙushe a gindin taya. Lokacin ƙafata ba ta kaiwa, sai ya ɗaura mini guntun katako a ƙasan takalmi.

"Taka, Uwata. Taka. Taka. Riƙe."

Sai ya sassauta wata 'yar ƙusa mai rami a jikin etiriye, wato ƙarfen nan da ke cizon farantin taya in an taka birki. Iska ta yi tsartuwa ta fito tare da mai, ya ƙulle.

"Saki."

Wannan 'yar ƙusa Baba hanci yake ce mata, kuma dokarsa a kanta ɗaya ce: hanci sama. Iska sama take hawa ta maƙale. In hancin yana ƙasa, ko yini za a yi ana takawa mai ne zai zuba, iskar tana nan a ciki tana jiran ranarta. Da ƙafata nake gane ta. Birki mai lafiya yana tokare ƙafa kamar ka taka dutse a cikin ruwa. Mai iska kuwa sai ya yi ta ja da baya yana lallashinka.

Sai maganar kifi. Duk motar da Baba ya gyara, sai ya hau ta an kai ta gangaren nan da ke shigowa gari daga hanyar Doso, an sauko da ita sau uku yana saurare, kansa a karkace kamar mai jin kiran salla daga nesa. In ta gamshe shi, sai a zana ɗan ƙaramin kifi da rawayan fenti a jikin etiriye, bayansa sama. Kakana masunci ne a Tunuga, alamar da yake sa wa goshin jirginsa ke nan. Direbobin Gaya ba su neman takarda, kifin suke leƙawa ta tsakanin janti, wato ƙarfen da ake sa wa taya. Na taɓa ganin wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ɗaga zane ta durƙusa a tasha, ta leƙa, ba ta ga kifi ba, ta ce a sauke mata kwandonta. Da idon Baba ya fara rauni, hannunsa ya fara rawa, zanen ya dawo hannuna. Da tsinken tsintsiya nake yi, fentin a cikin gwangwanin tumatir, kuma wutsiyar kifina tana da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, irin wanda nake yi wa fure in ina lalle.

Bara, bayan yankan shinkafa, Yusha'u ya zo. Dogo ne, baƙi, yana sauko da motoci daga Kotonu, ya fitar da su a duwan, wato kwastan, ya sayar. Ya faka farar motarsa a gaban rumfa, ya fito da kwali, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba.

"Baba, an ce mini daga Doso har Faraku kai kaɗai za ka iya ɗaura waɗannan."

Etiriye biyu ne jajaye, manya, suna ƙyalli kamar an lashe su. Baba ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinsa, ya sansana shi, ya zura babban yatsa ciki yana ƙirgawa.

"Shida," ya ce. "Uwata, zo ki ga ikon Allah. Namu da muka saba fistan ɗaya ne, yana turawa ta gefe guda kamar mai tura ƙofa da kafaɗa. Wannan uku nan, uku can. Kama faranti zai yi kamar mace ta ɗauko tasar miya da hannu biyu."

Kwana uku ya yi a kansu, yana aiki yana yi musu magana. Ya ce sai an canza famfon da ke tura mai, don baki shida ba za su ƙoshi da abin da ake ba baki ɗaya ba. Ya ce janti ya yi musu kaɗan, suna goga, Yusha'u ya haye gada zuwa Malanbil ya nemo manya. Rana ta uku ina cikin motar ina takawa, sai ga mutum ya jingina da taga, ƙamshin turarensa ya rufe warin man birki.

"Duk 'yan matan Gaya haka suke, ko ke kaɗai ce ke tuƙa mota tana tsaye?"

"Matsa, kana tare mini muryar Baba."

Ya matsa, amma bai yi nisa ba. Da aka dawo daga gangare na durƙusa na zana kifin, yana tsaye a kaina. Ranar kuwa ya karɓi lambata a wajen Gwaggo, ba a wajena ba, kuma wannan ne ya saye ta.

Kun san sauran, na ba ku a baya. Saƙo da safe, saƙo da yamma. "Bonswar, 'yar birki. Kin ci abinci?" Hoton teku daga Kotonu. Hoton wata atamfa mai ganyen kuɓewa, a ƙasa ya rubuta, "Ta ce ke take jira." Gwaggo ta daina barina in wanke hannu da omo, ta sayo mini sabulu mai ƙamshi, tana turara mini kaya tana mita.

"Sa'o'inki na goyon na uku, ke kina ƙarƙashin mota. Duk wanda ya zo, sai ya ji warin mai ya juya. Wannan da Allah ya kawo yana son warin, in kika bari ya kuɓuce, ni da ke ne."

Baba ma ya so shi. Cewa yake yi, "Yaron yana ganin girman ƙarfe." Aka tsayar da Juma'ar da ta wuce, bayan masallaci, kawunnansa za su kawo goro a sa rana.

Yanzu ga abin da ban taɓa rubuta muku ba.

Wata Talata, mako shida kafin nan, Gwaggo ta raka Baba Doso a duba masa ido. Da hantsi Yusha'u ya zo. Ina sanye da atamfar nan mai ganyen kuɓewa, riga da zane, da mayafi ruwan toka. Na shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na kawo zoɓo mai sanyi. Ya buɗe bayan mota ya sauko da kwali babba, ya jera mini jajayen etiriye takwas a kan tabarmar. Ba su kai nasa girma ba, fistan hurhuɗu ne, kuma fentinsu yana warin sabo.

"Na nuna wa Baba, ya shafa su duka, ya ce masu kyau ne. Bayan biki shago za mu buɗe da sunansa, ya zauna a kujera ya huta. Ki zana musu kifin, su bushe kafin lokacin."

"Kifi sai bayan gangare."

"Ai Baba ne zai ɗaura, shi zai kai su gangaren. Rage miki aiki nake yi, amarya ba ta durƙuso a gindin taya." Ya kurɓi zoɓo, ya dube ni ta saman kofi. "Ko ba ki yarda da ni ba ne? In haka ne gara in sani tun yanzu."

'Yan uwa, na san dokar. Ba mantawa na yi ba. Shekara goma sha biyar ban taɓa ganin an zana kifi a kan ƙarfen da bai hau mota ba. Amma na tashi na ɗauko gwangwanin, na karya sabon tsinke. Shi yake ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana juyo mini da fuskarsu, ni kuwa idona yana kan yatsunsa da agogonsa, ban dubi hanci ko ɗaya ba. Ya fito da waya yana ɗaukata, yana kirana sheri, wato masoyiya.

"A hankali, sheri. Sake wutsiyar nan in gani. Ina son in riƙa kallon hannunki in ina kan hanya."

Na sake, a hankali, har da karkatar da kai don hoton ya yi kyau. Da yamma su Baba suka dawo, na zuba masa ruwan alwala, maganar ta zo har bakina na haɗiye. Ban tambaye shi ko ya ga kayan ba, don na san in na tambaya zan ji amsa.

Ranar Alhamis, jajibirin sa rana, Gwaggo ta kwaɓa lalle tun da safe, an wanke tabarmin baƙi an shanya. Sabuwar shaddata ruwan zuma tana rataye a bayan ƙofa, tela ya yi mata aiki a wuya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka ji hayaniya a waje. Na leƙa, sai ga wani kamiyo, babbar motar kaya, ya jawo mota da igiya, gabanta a lotse, fitila ɗaya tana reto. Motar Sumana ce, direban da ke jigilar Gaya zuwa Yelu, mutumin da duk Salla yake kawo wa Baba zabi biyu. Goshinsa a naɗe da bandeji. Ko fofo, sannunmu ta nan, bai ce ba. Mutanen tasha sun biyo shi sun cika ƙofar gida.

"Baba Sallau, mutum bakwai na ɗauko. A gangare na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka kunu. Da ban kaɗa ta cikin tarin yashi ba, da yanzu wanka ake yi mana. Wata mai albasa ta karye a hannu."

"Wa ya taɓa birkinka?"

"Kai."

"Rabona da motarka tun kafin azumi."

"Surukinka ya kawo mini. Ya ce idonka ya yi rauni, yanzu a gida kake dubawa ka sa kifi, shi kuma ya kai a ɗaura a hayin gada. Na ce masa fedar ta yi laushi, sai na taka sau biyu take kamawa, ya ce sabon birki mai fistan huɗu haka yake, sai ya saba da ƙafa. Da ban ga kifi ba, Baba, ko kyauta aka ba ni ba zan sa ba."

Baba ya matso gindin motar. Ya sa aka ɗaga motar da kirik, aka cire taya, ya durƙusa. Ba ya gani sosai, da yatsu yake karatu. Ya bi jan ƙarfen daga sama, bai sami abin da yake nema ba, ya gangara ƙasa, ya tsaya.

"Hanci ƙasa," ya faɗa, kamar da kansa yake. "Na dama aka sa a hagu."

Sai yatsansa ya hau kan fentin. Ya bi kan kifin, ya bi bayansa, ya kai wutsiya, ya tsaya a ɗan lanƙwasan nan. Ya daɗe a wurin. Ina tsaye a bakin zaure da mayafi.

"Ke," ya ce, bai juyo ba. "Shiga ki taka."

Ke. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya kira ni haka ba.

Na shiga. Kujerar duk ɓawon albasa ne da ɓaraguzan gilashi. Na taka, fedar ta yi ta ja da baya har ta taɓa ƙasa.

"Yaya?"

"Iska, Baba."

"Da yawa?"

"Har ƙasa."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya fuskanci jama'a.

"Kifina ne, Sumana. Bar motar a nan. Ka kai ni wajen matar in ba ta haƙuri."

Na ji wani a baya ya ce, "Tsufa ya zo." Wani ya ce, "Allah ya rufa asiri, tawa ma kifinsa ne a jiki." Suka watse suna magana ƙasa-ƙasa.

A tsakar gida Baba ya zauna a kan turmi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Nawa?"

"Takwas."

"Mota huɗu ke nan. Ga ɗaya a waje. Sauran ukun na wa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Suna kan hanya da mutane a ciki." Ya shafa fuska. "Indo, fito mini da babbar rigata. In na yi azahar zan je tasha in ce wa sarkin tasha a tsayar da duk mai jan birki. Zan ce ni ne na duba ban gani da kyau ba."

Na shige ɗaki na ɗauki waya. Na rubuta: "Motar Sumana ta faɗi a gangare. Su wa ka sayar wa sauran shida?" Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake, ya daina. Sai ga saƙon murya. Muryar tana nan yadda na santa, mai sanyi, kiɗa na tashi a hankali a cikin motarsa.

"Madina, ki natsu. Sumana gudu yake yi, kowa ya sani. Mai ɗaurawar kuma kifinki ya bi. Ya ce kifin Sallau kullum bayansa sama, haka ya ɗaura. In an juye, wa ya juye? Ni ban riƙe tsinke ba. Bidiyon yana nan in kin manta. Ki bar Baba ya yi magana, dattijo ne, kwana biyu za a yafe masa. Gobe kawunnaina na zuwa da goro, kada ki ɓata mana rana."

Sau uku na saurara. A na ukun ne tabarmar ta dawo mini a ido: jajayen ƙarafa a jere, 'yan ƙusoshin duk suna kallon cinyata. A juye ya miƙo mini su, a juye na zana. Mutumin hayin gada bai san hanci ba, kifi ya sani, ya daidaita kifin ya kife birkin. Kuma a duk maganar Yusha'u babu mai albasa, babu motoci ukun nan. Ni ma ba sheri ba ce yau, Madina ce mai bidiyo.

Gwaggo ta shigo da kwanon lalle. Ta ji komai, don ban rage murya ba. Ta zauna a bakin gado, ta jawo hannuna ta fara shafa mini kamar ba abin da ya faru.

"Gwaggo, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Namiji ne, tsoro ya ji. Buɗe tafin."

"Ƙarya ya yi mini. Ya ce Baba ya gani."

"In kin shiga gidansa kya tambaye shi. Ubanki ya ce zai ɗauka, ki bar shi ya ɗauka. Za a tsayar da motocin, ba wanda zai mutu. Shi ya gama aikinsa a duniya, idon ma ya tafi. Ke fa? In maganar nan ta fita da sunanki, wa zai sake tako ƙofar nan?"

Ba mugunta ba ce, ku fahimce ta. Hawaye take yi tana shafa lallen. Ta naɗe mini hannu biyu da leda, ta ɗaure, ta ce kada in motsa sai la'asar.

Ta taga na ga Baba ya fito. Farar babbar rigarsa ta Juma'a, hula, sanda. Ya tsaya a rumfa, ya shafa kan teburin da yake ajiye kile, wato sifana, kamar mai sallama, ya kama hanyar tasha yana lalube da sandar. Shekara talatin da wani abu ba a taɓa cewa birkin Sallau ya ƙi ba. Yanzu zai je da ƙafarsa ya ce ya ƙi, don ni in sa shadda ruwan zuma gobe.

Wayarsa tana kan tagar, don ni nake karanta masa saƙo. A cikinta akwai zauren direbobin tasha, mutum ɗari da wani abu, inda suke faɗa wa juna inda hanya ta lalace da inda jandarma suka tsaya. Na yage ledar da haƙori. Gwaggo ta ce, "Madina," sau ɗaya, a hankali. Na danna da yatsa mai lalle, gilashin ya yi kore.

"Salamu alaikum, direbobin tashar Gaya. Madina ce, 'yar Sallau mai birki, da wayarsa nake magana. Duk wanda Yusha'u ya sayar wa jan birki mai kifi, ya tsaya inda yake, ya sauke mutane. Baba bai taɓa ganin kayan nan ba, ba su je gangare ba. Ni na zana kifin a kan tabarma ba da saninsa ba, kuma a juye na zana. In Baba ya ce muku shi ne, rufa mini asiri yake yi. Ku lallaɓo da motocin ba kowa a ciki, ku kawo su ƙofar gida."

Na saki. Ya tafi.

Gwaggo ta dubi kwanon lallen, ta rufe shi da faifai.

"Kin kashe aurenki da bakinki," ta ce, ta fita.

Daga baya Sumana ya ba ni labari, wai Baba na isa tasha, kafin ya buɗe baki, wayoyi biyar suna faɗin maganata a lokaci guda. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya juya ya dawo. Ranar ko tuwo bai ci ba. Saƙon Yusha'u kuwa kalma biyu ne: "Kin zaɓa." Bayan nan hotonsa ya ɓace daga wayata.

Ranar Juma'a Gwaggo ta share ƙofar gida duk da haka, ta shimfiɗa tabarmin baƙi, ta dafa shinkafa da kifi. Ta ce manya ba su fasa magana don wautar yara. Ta tilasta mini na sa shaddar. Hannuna ɗaya jajawur, ɗaya dabbare-dabbare kamar na ƙone.

Aka sauko daga masallaci. Ba kawu, ba goro. Abin da ya shigo layinmu mota ce, tana tafiyar hawainiya, direban ya riƙe birkin hannu. Ta biyu na bin ta. Ta ukun daga Karakara aka jawo ta. Na ce a raina, alhamdu lillahi, sun cika. Ina shirin komawa ciki sai na ga ta huɗu ta karyo kwana. Sai ta biyar. Sai wata mai lambar Najeriya daga Kamba.

Na tattare shaddar na durƙusa a gindin ta huɗun, na leƙa. Ga jan etiriye, ga kifi rawaya, bayansa sama. Har da lanƙwasa a wutsiya. Amma fentin ya fi nawa haske, kuma lanƙwasan an yi shi ne da tsoro, an tsaya a tsakiya an ci gaba, kamar hannun mai kwaikwayo yana kallon wani abu yana zanawa.

A hankali, sheri. Sake wutsiyar nan in gani.

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da na ji zafin yashi ta cikin shadda. Ashe duk daren da nake tunanin yana wani masauki a hanyar Kotonu yana kallon hannuna, kallonsa yake yi da gaske. Darasi yake ɗauka.

Baba ya durƙuso kusa da ni, ya kai yatsa.

"Naki ne?"

"A'a, Baba."

"Guda nawa yaron ya zana?"

"Ban sani ba."

Ya sa farce ya kankari jan fentin, tsatsa ta fito a ƙasa. Tsofaffi ne aka yi wa wanka. Ya miƙe ya je teburinsa, ya ɗauko tsohuwar wuƙar da yake kankare ƙarfe da ita, ya ɗaga murya yadda duk direbobin za su ji.

"Daga yau babu kifi. Ku gaya wa kowa, duk motar da ke da shi a kawo a kankare. Da na gaskiya da na ƙarya, tunda ba mai iya rabewa."

Alamar jirgin kakana ce, ku tuna. Sumana ne ya yi magana, bandejinsa ya yi datti.

"To Baba, mu da me za mu gane?"

"Ku kawo ta taka." Ya nuna ni da wuƙar. "Hannun ne ya yi mini ƙarya. Ƙafar ba ta taɓa yi ba."

Ya miƙa mini wuƙar ta wajen ƙota. Na fara da na Sumana, nawa na kaina, fentin yana zuba a kan aikin wuyan shaddata. Aka kwance, aka mayar da na dama dama, waɗanda suka ruɓe Baba ya jefa su bayan rumfa ya ce a maido da tsofaffin masu fistan ɗaya. Gwaggo ta fito ta tsaya ta dubi layin motocin, ta dubi tabarminta, ta koma ta ɗauko tukunyar shinkafar ta ajiye wa direbobi. Da aka ɗaura na farko, na cire takalmin bikin na shiga mota da ƙafa tsirara. Na ji Baba yana gyara zama a gindin taya, na ji kile ya kama hanci.

"Taka, Uwata."

Na taka, ina kuka ba sauti, ina jira iskar ta fita.

Yau kwana biyar. Mun kankare hamsin da bakwai, goma sha ɗaya daga ciki na kwaikwayo ne. Mai albasa ta karɓi gaisuwata amma ba ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Sumana ya ce kifi ɗaya ya rage a Gaya wanda ba a kawo ba, na gaskiya, wanda ya sauko gangare sau uku Baba na saurare. Yana jikin farar motar Yusha'u, kuma da shi yake nuna wa baƙin direbobi a hayin gada. An ce gobe da hantsi yana da motoci a duwan, dole ya faka a bakin ƙofa ya shiga da takardu.

Wuƙar Baba ta kankare kifi tana cikin jakata, jakar da Yusha'u ya sayo mini.